Daga kwano zuwa randa: yadda zafi ke tafiya a gidajen Zariya

Da asubar hunturu, mai fita masallaci a Tudun Wada ko Samaru idan ya kama ƙofar ƙarfe sai ya ji sanyinta har cikin ƙashi, amma idan ya dafa bencin katakon da ke gefenta sai ya ji da dama-dama. Alhali su biyun a waje suka kwana, iska ɗaya ta buge su. Da za a ɗora musu ma'aunin zafi, lamba ɗaya zai nuna, digiri 13 ko 14 a ma'aunin Salshiyos, gwargwadon yadda daren ya kasance. Ƙarfen bai fi katakon sanyi ba ko kaɗan. Ya dai fi shi saurin zuƙe ɗumin tafin hannu, ita kuwa fata ba digiri take ƙirgawa ba, saurin fitar zafi daga jikinta ko shigarsa take ji. Shi ya sa da azahar ɗin watan Afrilu labari ke juyewa, ƙarfen nan ya ƙona hannu, katako ya tsaya a ɗumi.

Wanda ya riƙe wannan ya kama bakin zaren. Zafi makamashi ne mai tafiya, kuma alƙiblarsa ɗaya ce, daga abin da ya fi digiri zuwa wanda bai kai shi ba. Ba ya komawa baya don kansa. Bargo ba ya haifar da ɗumi, randa ba ta ƙirƙiro sanyi, firiji ma ba sanyi yake zubawa a cikinsa ba. Iyakar abin da ɗan Adam zai iya shi ne ya rage wa zafi gudu, ko ya sa wani abu ya riƙe masa shi na ɗan lokaci, ko kuma ya biya kuɗin wuta a kwashe shi a kai wani wuri. A ganina, yawancin wahalar da muke sha a ɗakunanmu da bazara ta samo asali ne daga tsallake biyun farko, waɗanda suka fi arha, mu zarce kai tsaye ga na ƙarshe.

Shi zafin kansa mene ne? Kowane abu, dutse ne ko ruwa ko iska, tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba su taɓa zama shiru ba. A cikin ƙarfe karkarwa suke yi a inda suke, a cikin ruwa suna zamewa a jikin juna, a cikin iska kuwa gudu suke suna karo. Ƙwayar iskar da ke cikin ɗakinka tana cin kusan mita 500 a daƙiƙa ɗaya. Jimillar wannan motsi shi ne makamashin zafi. Digiri kuma yana nuna matsakaicin ƙarfin motsin kowace ƙwaya. Idan ana ta rage motsin, akwai iyakar da ba a wucewa, digiri 273 ƙasa da sifili, kuma daga nan ma'aunin Kelvin yake fara ƙirga.

An daɗe kafin masana su yarda da haka. Har ƙarshen ƙarni na 18, yawancin malaman Turai sun ɗauka zafi wani ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga jiki zuwa jiki. A 1798 Benjamin Thompson, wanda ke kula da aikin huda igwa a birnin Munich na Jamus ta yanzu, ya lura cewa muddin dawakai na juya mahudin, zafi ba ya yankewa, har ya tafasa ruwa da shi babu wuta babu gawayi. Abin da aka ɗura a jikin ƙarfe dole wata rana ya ƙare, wannan kuwa bai ƙare ba, saboda haka daga motsi yake fitowa. Daga baya, a shekarun 1840, James Joule a Ingila ya auna yawan aikin da ke ɗaga digirin ruwa, ta hanyar sakin nauyi ya juya wasu filafilai a cikin ruwan. Da sunansa ake kiran ma'aunin makamashi, jul, kuma wat ɗin da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki da dutsen guga, jul ɗaya ne a kowace daƙiƙa. Mai injin niƙa ya san wannan ba tare da ya ji sunan kowa ba, don garin masara da ɗuminsa yake fitowa, kuma babu wanda ya hura masa wuta.

Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne ɗaukar digiri da yawan makamashi abu ɗaya. Tartsatsin da ke tashi a shagon mai walda ya haura digiri 1,000, amma ya faɗo a hannu ya mutu, da ƙyar ya bar tabo. Kofin shayin da bai wuce digiri 80 ba, idan ya zube a cinya sai an nemi magani. Tartsatsi ɗan mitsitsi ne, abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Ruwan kofi kuwa yana da nauyi, ga shi ruwa yana da cin zafi fiye da kusan duk abin da muke ta'ammali da shi. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya hau digiri ɗaya tak, sai ya sha jul wajen 4,200. Kilon baƙin ƙarfe jul 450 ya ishe shi, busasshen yashi wajen 800, alminiyam 900. Lita ɗaya da aka tara a famfo tana digiri 25 tana buƙatar jul sama da 300,000 kafin ta tafasa, aikin da hita mai wat 2,000 za ta gama cikin kamar minti biyu da rabi. Kuma abin da ya sha zafi da yawa, a hankali yake sakinsa. Shi ya sa kunu ke daɗewa bai huce ba, shi ya sa kuma ruwan rijiya ke zuwa da ɗumi da safiyar hunturu, da sanyi kuma da ranar bazara. Rijiyar ba ta canza sosai ba, mu da iskar waje ne muka canza.

Manyan hanyoyin da zafi ke bi uku ne. Ta farko ita ce ratsa jikin abu. Ranar zubin kankaren bene za ka ga leburori sun jeru a kan tsani, kowa na tsaye inda yake, kwanon kankare na wucewa daga hannu zuwa hannu har ya isa sama. Haka ƙwayoyin ƙarfe ke yi. Wadda ke kusa da wuta ta ƙara karkarwa, ta bugi maƙwabciyarta, ita ma ta bugi ta gaba, babu wadda ta bar gurbinta amma kaya sun isa. A ƙarafa akwai ƙarin masu taimako, ƙwayoyin nan masu yawo da ke ɗaukar wutar lantarki, saboda haka ƙarfen da ya iya kai wuta ya iya kai zafi. A ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, jan ƙarfen da ake wayar wuta da shi yana wajen 400, alminiyam sama da 200, baƙin ƙarfe wajen 50, kankare tsakanin 1 da 2, ruwa 0.6, katako wajen 0.15, iska kuwa 0.026. Tsakanin jan ƙarfe da iska akwai ninki sama da 15,000. Tukunya ta ƙarfe, muciya ta itace: waɗanda suka tsara haka sun san abin da suke yi.

Cikin waɗannan, babu abin da ya kai iska hana zafi wucewa, da sharaɗin a tsare ta kada ta motsa. Duk abin da muke ce wa mai ɗumi, bargo ne ko rigar sanyi ko auduga, ko soson da ke cikin bangon kula, ko jinkar ciyawa, aikinsa riƙe iska a ƙananan ramuka. Kaza ma da sanyin safiya buɗa gashinta take yi don ta tara iska. Babban mutum yana zaune ba ya komai, jikinsa na fitar da wat wajen 100, kuma wannan ɗumin nasa ne bargo ke tsare masa. A lulluɓe ƙanƙara da bargon nan, sai ya jinkirta narkewarta, abin da masu tallar ƙanƙara da azumi ke yi ke nan da buhu da garin katako. Bafaranshe Joseph Fourier ne ya fitar da lissafin a 1822, kuma ba shi da wuya: zafin da ke ratsa bango yana ƙaruwa da faɗin bangon da tazarar digiri tsakanin ciki da waje, yana raguwa da kaurinsa. A ninka kauri, zafin da ke wucewa ya koma rabi.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar dogon bayani. A nan leburan da kansa ke ɗaukar kwanon ya hau da shi. Ruwa ko iska idan suka yi zafi sai su buɗe, su yi sauƙi, su tashi sama, masu sanyi su gangaro su maye gurbi. Dalilin hura wuta a gindin tukunya ke nan, da dalilin da ya sa iskar da ke kusa da rufi ta fi ta kan tabarma zafi. Ɗaki mai taga ɗaya, iskarsa ba ta da mafita. A buɗe ƙaramar kafa can sama kusa da rufi, mai zafin ta fice, sabuwa ta shigo ta ƙasa, ba a kashe ko sisi a wuta ba. Ko da zai zama ɗan ratse, ya kamata a faɗa: masu shiga ɗaki da kaskon gawayi da hunturu su toshe ƙofa da taga, wannan zagayen suke tsayarwa, gawayi kuwa idan iska ta yi masa ƙaranci yana fitar da wata iskar guba marar wari marar launi, mai kashe mutum yana barci. Janareta a lungun da ba iska ma haka.

Ta uku ita ce abin al'ajabi, don ba ta buƙatar komai a tsakani. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, kusan duka sarari ne fayau, ba iska ba ruwa, amma zafinta na isowa cikin minti 8 da daƙiƙa 20 a matsayin haske. Da tsakar rana idan sama ta washe, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana karɓar wat kusan 1,000. Ba rana kaɗai ke wannan ba. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da haske, sai dai yawanci irin wanda ido ba ya kamawa, mu dai mu ji hucinsa. William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga ya hau. A maƙera ana ganin iyakar ƙarara. Ƙarfe na cikin wuta baƙi ƙirin amma hucinsa na dukan fuska, yaro na ta zuga har ya fara ja a wajen digiri 500 zuwa 600, ya koma ruwan lemo, ya doshi fari. Maƙeri da launi yake karanta digiri, ya san lokacin da zai zaro da awartaki. Masu jin ɗumi a bakin wuta da hunturu kuwa, gaba na gasuwa baya na ɗari, domin huci a miƙe yake tafiya, abin da ya kalli wutar kaɗai ke samu.

Dokar wannan hanya tana da tsauri. Josef Stefan ya samo ta a 1879, Ludwig Boltzmann ya tabbatar da ita da lissafi a 1884. Idan aka ninka digirin abu sau biyu a ma'aunin Kelvin, hucinsa ba ninki biyu zai yi ba, ninki 16 zai yi. Ƙarin digiri kaɗan, ƙarin huci mai yawa.

Da dare kuma ƙasa da rufi da duwatsu ne ke aika huci sama. Wanda ya taɓa zama a gindin Kufena bayan magariba ya san dutsen yana nan da ɗuminsa, yana mayar da abin da ya sha da rana. Gajimare da laimar iska suna tare wannan huci su dawo da wani kaso ƙasa. Da hunturu iskar da ke zuwa daga Sahara busasshiya ce, babu gajimare, sai zafin ƙasa ya yi ta ficewa salin-alin duk dare, shi ya sa gari ya fi sanyi gab da fitowar rana, ba tsakar dare ba. A ƙarshen bazara kuwa, lokacin da laima ta fara shigowa daga kudu amma ruwa bai sauka ba, hanyar fitar ta toshe, kuma waɗannan ne darare masu hana barci. Iskar da ke fita daga ƙona fetur da kwal irin wannan tarewa take yi a faɗin duniya, kuma tushen maganar ɗumamar yanayi ke nan.

Saura wata mafita da ta fi shafar rayuwarmu ta kullum. Joseph Black, wani malami a Sikotland, ya lura a shekarun 1760 cewa ruwa idan ya fara tafasa digirinsa ba ya ƙara hawa, komai wutar da aka ƙara. Zafin yana tafiya ne wajen raba ƙwayoyin ruwa da juna su zama tururi, kuma ba kaɗan yake ci ba. Kilo ɗaya na ruwa kafin ya ƙafe ƙaf sai ya sha jul miliyan 2 da dubu 260, kamar ninki bakwai na abin da ya kai shi tafasa. A Zariya, da yake garin yana sama da teku da mita 600 da 'yan kai, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 98, ba 100 ba. A kicin ma'anar wannan ita ce, da zarar tukunyar wake ta tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara mata digiri ko ɗaya, gas ko itace kawai ake ƙonawa ana tura shi sama. A rage wuta, a rufe murfi, wake zai nuna a lokacinsa. Ƙunar tururi kuma ta fi ta tafasasshen ruwa muni, saboda idan ya sauka a fata ya koma ruwa, duk wannan makamashi a wurin yake sauke shi.

Ba sai ruwa ya tafasa yake tashi ba. A kowane digiri, ƙwayoyin da suka fi saurin motsi suna kuɓucewa daga fuskar ruwa, su bar marasa kuzari a baya. Sirrin randa ke nan. A duba ta da kyau a lungun tsakar gida: jikinta a jiƙe, wani lokaci har da ɗan gansakuka a gindi, an girke ta a kan jiƙaƙƙen yashi, faifai a baki, moɗa a kife a kai. Wannan zufar da take yi ba aibi ba ce, ita ce aikin. Gasasshen yumɓu yana da ƙananan huji, ruwa na tsattsafowa, iska na ɗauke shi, kuma kowane ɗigon da ya tashi da zafin ruwan ciki yake tafiya. Randa mai lita 20, idan kofi ɗaya, wato kamar giram 200, ya tashi daga jikinta, zafin da ya tafi da shi ya isa ya sauke ruwan ciki da digiri 5 zuwa 6, in aka ajiye lissafin wanda ke shigowa daga waje. Wanda ya shafa mata fenti ko siminti don ta daina tsattsafo ya kashe ta. Jarka kuwa ba ta zufa, digirin inuwar da take ciki shi ne nata.

Wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya faɗaɗa a shekarun 1990: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki, kayan miya a ciki. A kanta ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Sai dai randa da tukunyar Abba duk suna aiki ne gwargwadon bushewar iska. Da hunturu ruwan randa har haƙori yake kamawa. A watan Agusta iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar ƙari, sai randa ta koma tukunya kawai, shanya ta kwana ba ta bushe ba. Jikinmu ma dokarsa ke nan. Gumi sai ya bushe a fata yake sanyaya, wanda ya ɗiga ƙasa asara ne. Fanka ba ta rage wa iskar ɗaki digiri ko ɗaya, hasali ma injinta ɗan ƙara zafi yake yi. Aikinta ta kore jiƙaƙƙiyar iskar da ta manne a fata ta kawo busasshiya, saboda haka fankar da aka bari tana juyawa a ɗakin da ba kowa, mita kawai take ci.

Mai shayin bakin tasha da ke shiƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ya ɗaga hannu sama ya zubo, duk hanyoyin nan yake buɗewa a lokaci ɗaya. Filas kuwa don toshe su aka ƙera shi, tun ƙirar James Dewar ta 1892: bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, jiki mai sheƙi da ke mayar da huci, da murfi mai tsare tururi.

To, a zo kan ɗaki. A ɗauki irin ɗakin hayar da ya cika Samaru da Sabon Gari, bulo mai inci shida, rufin kwano, silin babu ko ya ɓurme. Kaurin kwano bai kai rabin milimita ba, ga shi ƙarfe, saboda haka a lissafin Fourier kusan babu abin da ya tare. Ba shi kuma da nauyin da zai sha zafi ya riƙe, minti kaɗan bayan rana ta same shi ya ɗauka. Da azahar ɗin bazara yana iya haura digiri 60, kuma tsohon kwano mai tsatsa a wannan hali yana iya aiko da huci wat wajen 200 daga kowace murabba'in mita, kai tsaye a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Wannan huci ba ruwansa da fanka, ta cikin iskarta yake wucewa ya sauka a ka. Da magariba kwanon ya huce nan da nan, amma bangon bulo na yamma, wanda ya sha ranar la'asar, sai lokacin yake fara amayar da nasa, har tsakar dare. Da hunturu kuma kwanon nan ne ke miƙa ɗumin ɗaki ga sama, ɗalibi ya kwana da rigar sanyi da safa.

Yanzu a shiga cikin birni, ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, a zauna a tsohon zaure. Bangon tubali mai kauri rabin mita ko fiye, rufin azara da aka danne da ƙasa, taga ƙarama can sama, rufi mai tsawo. Irin ginin da ya kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, mai mulki daga 1834 zuwa 1846. Kowa zai ce ɗakin ƙasa ya fi sanyi, amma maganar rabinta ce gaskiya. Ƙasa ba ta kai katako ko ciyawa tare zafi ba, ko kusa. Ƙarfinta nauyi ne. Murabba'in mita ɗaya na bango mai kauri rabin mita ya haura kilo 800, kuma kafin ya hau digiri ɗaya sai ya sha jul wajen 700,000. Zafin rana yana shiga ta waje yana tafiya a hankali, ba zai leƙo ciki ba sai bayan sa'o'i masu yawa, rana ta daɗe da faɗuwa. Sanyin dare shi ma haka, sai da rana yake isowa. Wato soro ba sanyi yake yi ba, raba daidai yake yi tsakanin dare da rana.

Da hunturu, rana ta kai 30 dare ya sauko 13, wannan rabo ya faɗo a wuri mai daɗi, dare da ɗumi rana da sanyi. A watan Afrilu kuwa, rana ta haura 35 dare bai sauko sosai ba, rabon kansa zafi ne, kuma da dare cikin soro ya fi waje zafi. Magabata ba su jahilci haka ba. Rayuwarsu ta bi ginin, da rana a cikin ɗaki ko zaure, da dare a fito da tabarma tsakar gida. Yau sauro da tsoron ɓarayi sun mayar da mutane ciki, an kulle ƙofa an rufe taga a daidai lokacin da ya kamata iskar dare ta ratsa ta kwashe abin da bango ya tara.

Ba kiran a koma ginin ƙasa nake yi ba. Wanda ya yi fama da yaɓe duk shekara, da yoyon damina, da gara, da tsadar azara, yana da hujjar gudu. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne, mun bar mai nauyi ba mu ɗauki mai tarewa ba, muka tsaya a kan wanda ba shi da ko ɗaya. Muhawarar da ake yi a wurin gini idan kuɗi sun fara ƙarewa ta nuna inda hankalinmu yake. Magini ya ce, "Alhaji, in ba za su isa tayil da silin ba, a fara silin." Mai gida ya ce, "Baba, ai tayil shi ake gani." Tayil kuwa sanyinsa irin na ƙofar ƙarfe ne, tafin ƙafa yake ruɗa, bai rage wa ɗaki komai ba. Silin aiki biyu yake yi, ya tare hucin kwano, ya kuma tsare iska a tsakani, musamman idan an bar kafofi a gefe don iskar da ta yi zafi a saman silin ta samu mafita. Takarda mai sheƙi a ƙarƙashin kwano tana rage huci sosai, don abu mai sheƙi ba ya fitar da huci kamar mai tsatsa. Darbejiya ko mangwaro a yammacin gida kuwa, ban da inuwa, ganyensa ruwa yake fitarwa duk yini, aikin randa yake yi wa tsakar gida.

Firiji da esi su ne hanya mai tsada. Rudolf Clausius ya tsayar da ƙa'idar a shekarun 1850, cewa zafi ba ya tashi daga mai sanyi zuwa mai zafi sai an yi aiki a kai. Aikin shi ne na kwamfiresa. Wani sinadari yana tashi tururi a bututun ciki ya zuƙe zafi, a matse shi a bututun waje ya koma ruwa ya sauke. A taɓa bayan firiji, zafin zoɓon da ke ciki ne ke fita, haɗe da na wutar da injin ya ci. Saboda haka buɗe ƙofar firiji don a sanyaya ɗaki ƙara masa zafi ne, matse bayansa da bango kuma ƙara masa wahala. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana kwashe zafi wat wajen 3,500, yana cin wuta sama da wat 1,000, ya zubar da jimillar duka a waje, sau da yawa a lungun da tagar maƙwabci take.

A ajiye wannan 3,500 kusa da wata lamba. Ɗaki mai mita 3 da mita 4, rufinsa murabba'in mita 12 ne, kuma da tsakar ranar da sama ta washe wat kusan 12,000 ke sauka a kansa. Ba duka ke shiga ɗaki ba, iskar waje na kwashe kaso mai yawa, amma yawan abin da rufin ya fara sha launinsa ne ke yanke hukunci. Baƙi ko mai tsatsa yana shanye kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, sabon farin fenti kuwa yana mayar da mafi yawa sama, ya sha kamar kashi 20 zuwa 30. Duk da haka, a leƙa sababbin unguwannin da ake ginawa a gefen gari, rufi baƙi da ruwan ƙasa mai duhu ne ake yayi, sannan a sayi esi da janareta su yi kokawa da abin da rufin ya tara. Farin rufi ma yana da nasa sharaɗi a nan. Ƙurar hunturu tana lulluɓe shi tun daga Nuwamba, ta mayar da shi ja, ruwan da zai wanke shi kuwa ba ya zuwa sosai sai Mayu, bayan bazara ta gama gasa mutane. Wanda ya yi farin fenti, sai ya sa a hau a wanke rufin a farkon Maris.